Motu Mute: Ƙofar Bora Bora da Murjani Ya Gina

Matafiyin da jirgin sama ya sauke a filin jirgin Bora Bora bai riga ya taka Bora Bora ba tukuna. Idan ya sauko daga matakalar jirgi ya karɓi jakarsa, ya bi ƙofar fita, ba zai tarar da titin mota ko layin tasi ba, sai dai gadar katako da kwale-kwale masu inji suna jiran fasinja, ga kuma tsibirin da ya biyo dubban kilomitoci domin ya gani yana tsaye can a ƙetaren ruwa da duwatsunsa masu duhun kore. Ƙasar da yake tsaye a kai wani siririn tsibiri ne mai suna Motu Mute, na yashi da ɓaraguzan murjani (dutsen da wasu ƙananan halittun teku ke ginawa), wanda tsayinsa daga fuskar teku bai wuce 'yan mitoci ba, kuma babu wani aiki da aka san shi da shi a duniya sai karɓar jirage da sallamarsu. Na daɗe ina duban hoton wannan wuri da tauraron ɗan adam ya ɗauko daga sama, inda titin jirgin ya fito kamar baƙin zare da aka shimfiɗa a kan farin ƙyalle, kuma duk lokacin da na duba sai tambaya guda ta dawo mini: ta yaya al'umma ta mutum sama da dubu goma ta wayi gari rayuwarta ta rataya a kan ƙasar da ta fi kowace rauni a cikin duk abin da ta mallaka?

Bora Bora na cikin Tsibiran Society a Folinesiya ta Faransa, a kudancin tekun Fasifik, fiye da kilomita 200 arewa maso yamma da Tahiti. Mutanen wurin Pora Pora suke cewa, domin harshen Tahiti ba shi da harafin B. Ƙidayar 2017 ta sami mutum 10,605 a cikinta, akasarinsu suna zaune a gefen ruwa a yankunan Nunue da Faanui da Anau, babban garin kuwa shi ne Vaitape a ɓangaren yamma. Tsakiyar tsibirin ragowar dutse ne mai aman wuta da ya mutu tun shekaru miliyoyi, yana da ƙololuwa biyu, Otemanu mai tsayin mita 727 da Pahia mai tsayin mita 661. Kewaye da wannan dutse akwai wani faffaɗan tafki na ruwan teku mai natsuwa, bayan tafkin kuma sai katangar murjani ta zagaye komai kamar zobe. A kan wannan zobe ne ƙananan tsibiran yashi suka jeru, waɗanda mutanen Folinesiya ke kira motu. Tsakanin motu da motu akwai 'yan hanyoyin ruwa marasa zurfi da ake kira hoa, inda ruwan teku ke kwararowa cikin tafki, amma mashigi mai zurfin da jirgin ruwa zai iya bi guda ɗaya ne tak a duk zagayen, shi ne Teavanui a yamma, ma'anar sunan kuwa babban mashigi. Motu Mute yana can arewacin zoben, bayansa buɗaɗɗen teku, gabansa tafki.

Wanda ya dubi taswirar babban tsibirin da kyau ba zai daɗe yana neman dalilin da ya sa aka kai filin jirgin waje ba. Duwatsun suna gangarowa kusan har bakin ruwa, abin da ya rage na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa siririyar gaɓa ce wadda titin mota mai kimanin kilomita 32 ya bi ya zagaye tsibirin, kuma a wannan gaɓa ce gidaje da coci-coci da makarantu da gonaki suka cunkushe. Jirgin sama yana bukatar miƙaƙƙen fili mai tsawon fiye da kilomita guda, yana kuma bukatar sarari a gabansa da bayansa inda babu dutsen da zai tare shi yayin sauka ko tashi. Babu inda za a sami wannan a gindin Otemanu sai an rushe unguwanni ko an cike wani sashe na tafki. Motu kuwa a shimfiɗe yake tun asali, ƙarshensa biyu a buɗe suke ga ruwa, kuma iskar da ke kaɗawa daga gabas kusan duk shekara tana ratsa shi ba tare da wani tudu ya murɗe ta ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne asalin ita wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, domin halittu masu rai ne suka gina ta. Murjani a idon mai kallo dutse ne, amma a haƙiƙa taron wasu 'yan halittu ne masu taushin jiki, akasarinsu ba su fi ƙwayar hatsi girma ba, waɗanda ke tsotso sinadarai daga ruwan teku suna gina wa kansu gida mai tauri irin na farar ƙasa. A cikin jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke amfani da hasken rana ta samar musu da mafi yawan abincinsu, ita ce kuma ke ba su launi. Saboda wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne murjani mai gina katanga ba ya rayuwa sai a ruwa mai ɗumi, mai tsabta, marar zurfi, inda rana ke isa. Idan wani rukuni ya mutu, sabon rukuni ya yi gini a kan gidajensa, a haka katanga take tashi sannu a hankali, 'yan milimitoci a shekara, har ta zama ganuwar da ke iya tsayar da igiyar babban teku.

Charles Darwin, wanda aka fi sani da wasu batutuwa dabam, shi ne ya fara bayyana yadda irin wannan zobe ke samuwa. Ya isa Tahiti a watan Nuwamba na 1835, ya hau tudu ya hango tsibirin Moorea a cikin zoben murjaninsa, kuma a littafin da ya wallafa a 1842 kan katangun murjani ya kawo ra'ayin cewa dutse mai aman wuta yana nitsewa a hankali bayan ya mutu, shi kuwa murjanin da ya fara girma a gefensa yana ci gaba da hawa sama domin kada ya rabu da haske. Yayin da dutsen ke ƙanƙancewa, sai tazara ta buɗe tsakaninsa da katangar, tazarar nan ita ce tafki, daga ƙarshe dutsen ya ɓace gaba ɗaya ya bar zoben shi kaɗai. Sai da aka shafe fiye da shekaru ɗari kafin a tabbatar da maganarsa, lokacin da aka haƙa rami a tsibirin Enewetak a 1952, aka ratsa murjani na fiye da mita 1,200 sannan aka ci karo da dutsen aman wuta a ƙasa. A Tsibiran Society ana iya ganin matakan nan a jere kamar an shirya su domin koyarwa: Tahiti matashiya ce mai dogayen duwatsu da ƙunƙuntaccen tafki, Bora Bora da ta haura shekaru miliyan 3 ta kai rabin hanya, Tupai kuwa da ke kusa da ita ta arewa zobe ne kawai ba tare da dutse ko ɗaya ba.

Shi motu kansa jariri ne idan aka kwatanta shi da katangar da yake zaune a kai, domin shekarunsa 'yan dubbai ne kawai. Manyan igiyoyi da guguwa ne ke fasa murjani daga gefen teku su wurgo ɓaraguzansa kan doron katangar, sannan yashi ya biyo baya ya cike ramuka. Wani sashe na wannan farin yashi daga cikin kifaye yake fitowa, musamman wani kifi mai baki irin na aku, wanda ke gurgurar murjani yana neman gansakuka, ya niƙe dutsen a cikinsa ya fitar da shi gari. Idan tulin ya ɗago sama da inda ruwa ke kaiwa, tsuntsaye da igiya su kawo iri, kwakwa da sauran itatuwan gaɓa su kafa saiwa su riƙe ƙasar. Ruwan sama da ya nitse cikin yashin yakan taru a ƙarƙashi, yana yawo a kan ruwan gishiri saboda ya fi shi sauƙin nauyi, kuma wannan ɗan ruwan daɗi shi ne ke raya duk wani tsiro da ke kan motu. Ƙasar da aka yi ta wannan hanya ba ta zama wuri ɗaya: igiya tana ci daga wannan gefe ta ƙara a wancan, guguwa ɗaya tana iya sauya mata kamanni a dare guda. A kan irin wannan ƙasa ce aka zo aka shimfiɗa titin jirgi, wanda dukan amfaninsa yana cikin kada ya motsa ko da taƙi ɗaya.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kawo titin. Bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor a ranar 7 ga Disamba 1941, Amurka ta shiga neman wurin da jiragen ruwanta za su tsaya su sha mai a doguwar hanyar da ta tashi daga Mashigin Panama zuwa Ostireliya da New Zealand, nesa da inda Japan za ta iya kaiwa cikin sauƙi. Yankunan Faransa na wannan sashen tekun sun riga sun bi ɓangaren Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ci gaba da yaƙar Jamus, tun watan Satumba na 1940, don haka ba a sha wahalar samun izini ba. Bora Bora ta dace da bukatar saboda tafkinta mai zurfi ne, kuma mashigi ɗaya ya fi sauƙin tsarewa. Aka sa wa aikin suna Bobcat, ayarin jiragen ruwa ya tashi daga Charleston a ƙarshen Janairu 1942, ya iso ranar 17 ga Fabrairu ɗauke da dubban sojoji, waɗanda suka ninka mutanen tsibirin yawa. A cikinsu akwai rukunin farko na maginan sojan ruwan Amurka da aka tura ƙetare, waɗanda daga baya suka shahara da sunan Seabees.

Farkon aikin bai zo da sauƙi ba. An loda jiragen cikin gaggawa, har kayan da ake bukata domin sauke sauran kaya suka kasance a can ƙasan jirgi, ga shi babu tashar ruwa ta kirki, babu hanyar da za ta ɗauki manyan motoci, ruwan sha ma bai wadata ba, saboda haka sauke kaya kaɗai ya ci makonni. Sannu a hankali suka gina hanyoyi da gadojin sauke kaya da tankunan mai, suka kafa sansani a gaɓar Faanui, suka ja manyan igwa guda 8 zuwa kan tuddai suna fuskantar teku. Da farko jirage masu sauka a kan ruwa ne ke sintiri daga cikin tafki, sai a 1943 aka kammala titin jirgi a Motu Mute. A lokacin kuwa yaƙin ya riga ya gusa can yamma bayan gumurzun Midway da na Guadalcanal, abokan gaba ba su taɓa zuwa Bora Bora ba, igwogin nan ba su taɓa harbin kowa ba, kuma wasu daga cikinsu suna nan har yau a cikin daji suna tsatsa. An rufe sansanin a ranar 2 ga Yuni 1946.

A duk faɗin Fasifik a wancan zamani, murjani shi ne babban kayan ginin titin jirgi, domin yana nan a wurin, ba sai an yi dakonsa daga wata nahiya ba. Akan haƙo shi, a farfasa, a shimfiɗa, a bi da abin daddaɓewa, a riƙa yayyafa masa ruwan teku har ya kama kansa ya yi tauri. Dabara ce mai kyau ga sojan da ke cikin sauri, amma ba kyauta take zuwa ba, kuma misalin da ya fi nuna haka shi ne Funafuti, babban birnin Tuvalu. A can ma Amurkawa sun gina titin jirgi a lokacin yaƙin, a kan siririn tsibirin Fongafale, suka haƙi kayan cikon daga jikin tsibirin kansa, suka tafi suka bar manyan ramuka da suka cika da ruwan gishiri da shara a tsakiyar unguwannin mutane. Sai a 2015 aka cike ramukan nan da taimakon New Zealand, wato bayan kimanin shekaru 70. Ina ambaton wannan ne domin idan ana yaba hikimar masu ginin, ya kamata a tuna cewa a ƙaramin tsibiri duk kwandon ƙasar da aka ɗiba daga wani wuri aka rage shi. Bora Bora ta yi sa'a da titin nata ya faɗa kan motu da ke nesa da gidajen jama'a.

Bayan tafiyar sojoji sai wani abin mamaki ya bayyana, wato ƙaramar Bora Bora tana da titin jirgi, ita kuwa Tahiti, mazaunin gwamnati da kasuwanci, ba ta da shi. Tsawon shekarun 1950 jiragen da ke sauka a kan ruwa ne ke haɗa Papeete, babban birnin Tahiti, da duniya, musamman na kamfanin TEAL na New Zealand, waɗanda daga 1951 zuwa 1960 suke bin hanyar da ta ratsa Fiji da Samoa da Aitutaki, suna sauka a tafkuna suna shan mai. A 1958 aka gyara titin Motu Mute domin jiragen fasinja, kamfanin TAI na Faransa ya fara sauke manyan jiragensa masu farfela a wurin, daga nan a kwashi matafiya a jirgin da ke tashi daga kan ruwa zuwa Tahiti. Na ɗan lokaci, wannan tulin yashi shi ne ƙofar shiga dukan Folinesiya ta Faransa ta sama, yankin da ke da tsibirai 118 a warwatse a kan ruwan da faɗinsa ya yi kusa da na nahiyar Turai. Matsayin ya ƙare a 1960 da aka buɗe filin jirgin Faa'a a Tahiti, wanda shi ma sai da aka cike wani sashe na tafki a kan murjani kafin a sami inda za a shimfiɗa shi. Shekara guda bayan haka aka buɗe otal na farko na masu yawon buɗe ido a Bora Bora, daga baya kuma ɗakunan nan da ake kafawa a kan ginshiƙai cikin ruwa suka zo suka zama tambarin tsibirin a idon duniya.

A yau titin na kwalta ne, tsawonsa kimanin mita 1,500. Manyan jiragen da ke ƙetare teku ba sa iya sauka a kansa, dole mai zuwa daga Faransa ko Amurka ko Japan ya fara sauka a Faa'a, sannan ya shiga ƙaramin jirgi mai farfela biyu samfurin ATR, wanda ke ɗaukar mutum kusan 70, ya yi tafiyar kamar minti 50. Air Tahiti, wanda ke zirga-zirga zuwa tsibirai fiye da 40, shi ne ya daɗe yana riƙe da hanyar, har Air Moana ya shigo a 2023. Matafiya kan yi wa juna nasiha da su nemi kujerar hagu idan suna zuwa daga Tahiti, domin ta nan aka fi ganin Otemanu da launukan tafki yayin da jirgi ke gangarowa. Bayan sauka mutane sukan rabu gida biyu a bakin gada: baƙin manyan otal-otal su shiga kwale-kwalen otal ɗinsu, waɗanda da yawansu a kan wasu motu suke, 'yan gari da sauran matafiya kuma su shiga babban jirgin ruwan da ke kai mutane Vaitape cikin kamar minti 15 zuwa 20.

A ra'ayina gajartar titin nan da nisansa daga gari alheri ne ga Bora Bora, ko da yake ba da wannan niyya aka yi shi ba. Ƙarar injin jirgi tana can arewa a kan ruwa, ba ta ratsa ajin makaranta ko ɗakin barci. Ƙasar noma da ta gidaje, wadda dama ba ta da yawa, ba a cinye ta da kwalta ba. Sannan girman jirgin da titin zai iya ɗauka ya zama wani ma'auni na yawan baƙin da za su iya shigowa a rana, abin da ke da muhimmanci ga tsibirin da sai ya tace ruwan teku kafin ruwan sha ya ishe shi, wanda kuma dole ya san inda zai kai sharar kowane baƙo. Duk da haka ba zan ɓoye cewa wanda ke kallo daga nesa ya fi jin daɗin wannan tsari fiye da wanda ke rayuwa a cikinsa ba. Ma'aikacin filin jirgi sai ya ƙetare ruwa safe da yamma. Man jirgi, kayan gyara, motar kashe gobara da ta lalace, kwaltar da za a sake shimfiɗawa, duk sai an yi dakonsu ta ruwa. Mafi nauyi kuma shi ne marar lafiya, domin manyan asibitoci suna tsibiran Raiatea da Tahiti, kuma a wannan yanki akwai kalmar da kowa ya sani, evasan, wato kwashe majiyyaci zuwa wani tsibiri domin jinya. Mace mai naƙuda da ta zo da gardama ko wanda ya yi haɗari, tafiyarsa ta haɗa da mota da kwale-kwale kafin a kai ga jirgi, sai fa idan an sami jirgi mai saukar ungulu. Minti 20 a kan tafki abin nishaɗi ne ga ɗan yawon buɗe ido, amma ga wanda ke riƙe da hannun ɗan'uwansa a kan gadon ɗaukar marasa lafiya dogon lokaci ne ƙwarai.

Ba Bora Bora kaɗai ke da irin wannan tsari ba. Maƙwabciyarta Maupiti ma filin jirginta a kan motu yake, haka Mangareva a Tsibiran Gambier, inda ake sauka a Totegegie a shiga jirgin ruwa zuwa garin Rikitea. Amma misalin da ya fi dacewa a ajiye kusa da Motu Mute yana tekun Indiya, wato Hulhule a ƙasar Maldives, tsibirin murjanin da ke ɗauke da filin jirgin Male, babban birnin ƙasar. An buɗe titin farko a can a 1960 da faifan ƙarfe, aka maye gurbinsa da na kwalta a 1966, kuma tsawon shekaru kusan 60 duk wanda ya sauka sai ya shiga kwale-kwale zuwa babban birni. Maldives ta zaɓi hanyar faɗaɗawa: ta yi ta cike ruwa tana ƙara wa tsibirin girma, ta gina titi mai tsawon mita 3,400 domin manyan jirage, kuma a watan Agusta na 2018 ta buɗe gadar Sinamale mai kimanin kilomita 2 da taimakon ƙasar Sin, wadda ta haɗa filin jirgin da birnin ta mota. Ban ga laifinsu ba, domin Hulhule ƙofar ƙasa guda ce, ba ta tsibiri ɗaya ba, kuma ba su da wani dutse da za su koma. Sai dai Hulhule na yau ya fi kama da ginin injiniya fiye da tsibirin murjani, gaɓarsa siminti ce da manyan duwatsu, kuma dole a ci gaba da kashe kuɗi wajen kare ta muddin ana son ta tsaya. Motu Mute har yanzu yana dogara ne da katangar da ta haife shi.

Dogaron nan shi ne abin da ke damuna. Bincike da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa katangar murjani tana rage ƙarfin igiyar ruwa da kusan kashi 97 cikin 100 kafin ta iso gaɓa, wato ita ce ainihin ganuwar da ke tsare titin jirgin, ba wani gini da ɗan adam ya yi ba. Amma wannan ganuwa tana aiki ne muddin tana da rai. Idan ruwa ya yi zafi fiye da yadda aka saba na makonni a jere, murjani yakan kori gansakukar da ke jikinsa, ya yi fari fat, in zafin ya daɗe ya mutu da yunwa, kamar yadda aka gani a Tsibiran Society a 2019. Mataccen murjani ba ya ƙara tsayi, a hankali ma yakan ruguje ya yi sumul, igiya ta riƙa wucewa ta kansa da sauran ƙarfinta. A gefe guda kuma teku yana ɗagowa: masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa ya ƙaru da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, kuma saurin ya kai kusan milimita 3.7 a shekara tsakanin 2006 da 2018. Ga ƙasar da tsayinta 'yan mitoci ne, haɗarin ba ya jiran ranar da ruwa zai shafe ta gaba ɗaya. Ya isa a ce igiyar guguwa, irin ta guguwar Osea da ta yi wa Maupiti ɓarna a 1997 ko guguwar Oli da ta ratsa yankin a 2010, ta riƙa hawa kan titin tana zubar da ɓaraguzai sau da yawa fiye da da, ko kuma ruwan gishiri ya riƙa ɗagowa ta ƙasa yana raunana abin da kwaltar ke zaune a kai.

Gaskiya ne cewa tsibiran murjani ba su da rauni kamar yadda ake yawan zato. Wani nazari da aka buga a 2018, wanda ya kwatanta hotunan Tuvalu na sama daga 1971 zuwa 2014, ya gano cewa jimillar ƙasarta ta ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100 duk da ɗagowar teku, saboda igiya tana ci gaba da kawo yashi da tsakuwa daga katanga. Wannan labari ne mai kwantar da hankali ga motu da babu komai a kansa sai kwakwa, wanda zai iya matsawa ya sauya siffa ya ƙara tudu yadda ruwa ya tura shi. Ga motu mai ɗauke da titin jirgi kuwa maganar ta bambanta, domin hanyar da tsibiri ke bi ya ƙara tsayi ita ce ruwa ya hau kansa ya ajiye yashi, wannan kuwa shi ne ainihin abin da masu kula da filin jirgi za su yi iya ƙoƙarinsu su hana. Idan aka kafa katangar duwatsu domin kare titin, an tsayar da motsin da ke raya tsibirin. Idan aka bar shi yadda yake, titin ne zai sha wahala. Injiniyoyin 1943 ba su yi wannan lissafi ba, kuma ba a sa ran su yi, tunda gini ne na yaƙin da suke fatan ya ƙare cikin 'yan shekaru.

Mutanen Bora Bora sun ɗanɗana yadda rayuwa take idan jirage suka daina sauka, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe iyakokin Folinesiya ta Faransa daga Maris zuwa tsakiyar Yuli na 2020. Jiragen ruwan dakon kaya sun ci gaba da shigowa ta Teavanui zuwa tashar Farepiti da shinkafa da siminti da mai, amma otal-otal suka rufe, masu tuƙa kwale-kwale da masu kai baƙi kallon kifaye da masu sayar da lu'ulu'un kawa suka zauna babu aiki, domin kusan duk kuɗin da ke shigowa tsibirin ta kan wannan mita 1,500 na kwalta yake biyowa. Wancan rufewa ta watanni ce kuma hukuma ce ta yi ta, hukuma ce ta buɗe. Shi ya sa nake ganin duk wanda ke lissafin kuɗin kula da filin jirgin Motu Mute, bayan kwalta da fitilu da motar kashe gobara, ya kamata ya sa lafiyar murjanin da ke bayan titin a cikin lissafin: tsabtar ruwan da otal-otal da gidaje ke zubarwa cikin tafki, yawan yashin da ake haƙa domin cike gaɓa, kamun kifayen da ke share gansakuka daga jikin katanga, da auna yadda gaɓar motu ke matsawa daga shekara zuwa shekara. Zafin teku ba a hannun mutanen Vaitape yake ba, amma waɗannan huɗun suna hannunsu da na gwamnatin da ke Papeete.